Malama Garke da gayyar makaranta

In ka zo garinmu ka ce kana neman Malama Susan, sai an ɗan yi tunani kafin a nuna maka gida. Amma ka ce Malama Garke, kowa zai miƙa hannu ya ce ga shi can, bayan injin niƙa, gidan da ke da gwanda a ƙofa. Ni Kande, mai bandar kifi a bakin ruwa kudu da Wara, zana ɗaya ce ta raba gidana da nata. Tarinta ina ji, dariyarta ina ji, in miyarta ta ƙone ni ce ta farko da zan sani, kuma tana yawan ƙonewa. Saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba wani ya ba ni labari ba.

A wani ƙauyen Kambari aka haife ta, can cikin ƙasar Ngaski. Ubanta Baba Yohanna manomin dawa ne, bai taɓa zama a aji ba, amma ya rantse ɗiyarsa sai ta yi boko. Ta ce da ƙafa take zuwa firamare, takalmin roba a hannu don kada ya tsinke, sai ta hango makaranta ta sa. Daga nan ta yi sakandare, ta yi kwalejin malamai, aka turo ta makarantar jeka-ka-dawo ta garinmu tana koyar da Turanci. A nan ta haɗu da Joshua, mai gyaran injin kwale-kwale, mutumin da sai ya yini bai yi magana ba. Mun ce Allah ya iya haɗi, don ita bakinta ba ya hutawa. Ɗiya ɗaya Allah ya ba su, Talatu, bayan sun daɗe suna jira.

Gajera ce, ga murya. Alli a ƙulle a bakin ɗankwali, tafiya da sauri kullum kamar an ce mata gida ya kama wuta. Kifi kuwa har yau ba ta iya gyara shi ba. Sau nawa na karɓe wuƙa daga hannunta na ce, "Malama, bar shi, kada ki wulaƙanta halittar Allah."

Sunan Garke a bakin ruwa ta samo shi, a gabana. Wata rana da hantsi muna jera kifi a kan waya sai ga ta da aji guda a bayanta, har da ɗiyata Yasira. Ta tsayar da su a kan yashi daidai lokacin da Fulani ke gangaro da shanu shan ruwa. Ta ce, "Ku duba da kyau. Mene ne wancan?" Suka ce garke. Ta ce, "Ɗaya ne ko da yawa?" Wasu suka ce ɗaya, wasu suka ce da yawa, aka hau musu. Ita kuwa sai murna take yi, musun take so.

Yasira ce ta warware mini daga baya. Wai a Turanci akwai kalmomi irin su garke, da iyali, da ƙungiya, da kwamiti, a baki abu ɗaya ne amma cikinsu cike da rayuka. In garken ya nufo ruwa tare, kai ɗaya, to a matsayin abu ɗaya za ka ɗauke shi, ka sa masa "is". In kuma shanun sun watse, wannan ta yi gabas wannan ta yi yamma, to ba garken kake magana a kai ba, shanun ne, sai ka sa "are". Kuma in ka fara zance da ɗaya, kada ka ƙarasa shi da yawa.

A ranar dai, tana cikin bayani wani kare ya fito daga bayan kwale-kwale ya yi haushi, shanu suka tarwatse. Malama ta yi tsalle tana nuna su da alli tana ihu, "Yanzu fa? Yanzu fa?" Yara suka amsa baki ɗaya, "Are!" Bafillacen ya tsaya da sandarsa a wuya yana kallonta, ya tambaye ni a hankali ko lafiyarta ƙalau. Na ce masa ƙalau take, boko ne ya yi mata yawa.

Ta juyo wurinmu mu mata ta ce, "Ai ku ma kuna yi, Yaya Kande. Ba kukan ce jama'a ta taru ba? In an tashi kuma ku ce jama'a sun watse?" Na ce ni ban san ina yin Turanci ba sai yau. Ta ce Turawan ma bakinsu bai zo ɗaya a kan abin ba, na Ingila da yadda suke yi, na Amurka da nasu. Na ce to su ma garken nasu kare ya shiga ke nan. Daga ranar suna ya bi ta.

Yasira kuwa abin ya shige ta. Ta dame mu a gida. Kaji in sun taru kan tsaba ta tsaya tana yi musu Turanci, in na watsa musu ruwa suka tarwatse ta sauya. Ubanta ya ce yarinyar nan in ba a yi hankali ba sai ta koya wa tarwaɗa "is". Amma a ransa daɗi yake ji, na san shi. Yarinyar ta ce aikin asibiti take so, kuma Malama ta ce mini kanta zai ɗauka, muddin ta ci Turanci a jarrabawar fita, don in babu shi ba inda za a karɓe ta. Ni dai burina kada ta ƙare a gaban banda kamar ni, hayaƙi ya cinye mata ido.

Sai shekarar 2021 ta zo. Da farkon damina 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana a Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai. Ba sai na tsaya ba da wannan labari ba, duk ƙasar ta ji. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda ya zauna a cikin uwaye mata. Ni ko babur na ji ya taho da gudu sai in waiga in ga inda Yasira take. Makarantarmu tana ƙarshen gari, ajujuwan ƙanana suna kallon daji, ba katanga. Aka rufe ta, kuma ba wanda ya ce don me.

Cikin makon nan Joshua ya sa Talatu a mota ya kai ta Minna wurin ƙanwarsa. Lokacin tana ajin farko na sakandare. Ba wanda ya ga laifinsu. Da ina da 'yar'uwa a Minna da ni ma na kai tawa.

Bayan kaka aka ce a buɗe makaranta. Aka buɗe, malamai suka zo, yara ba su zo ba. 'Yan samari kaɗan ne ke leƙawa, mata kuwa ko ɗaya. Yasira tana ajin ƙarshe, tana nan gefena tana juya kifi, in na waiga sai in ga ta zuba wa hanyar makaranta ido. Sannan shugaban makarantar, Malam Mustapha, ya dawo daga wani taro da labari mara daɗi. An ce masa in zangon nan ya ƙare aji babu yara, za a kwashe malaman a raba su wasu makarantu. In aka kwashe su kuwa, ajin su Yasira ba jarrabawa, kuma mu mun san abin da aka ɗauke daga ƙauye ba ya dawowa da wuri.

Malama Garke ta ce ba a gabanta ba. Ta bi mai gari, ta bi liman, ta bi fasto, ta sa aka kira taron iyaye a gindin tsamiyar kasuwa. Ta dama kunun zaƙi tulu-tulu, ni na taya ta don kada ta ɓata shi. Mutane suka cika wurin. Mai gari ya ce 'yan sa-kai za su riƙa zagaya makaranta. Liman ya yi magana, fasto ya yi. Ita ma ta tashi ta yi tata, ranar har da Kambarci ta haɗa don tsofaffi su ji. Ta ce in muka bar makarantar nan ta mutu, waɗanda suka shiga Birnin Yauri sun ci garinmu ba tare da sun tako shi ba. Aka ce an yarda? Kowa ya ce to. Aka shanye kunu aka yi addu'a iri biyu aka tashi.

Ta dawo gida tana rawar jiki. Ta leƙo ta kan zana ta ce, "Yaya Kande, kin gani? Gari ya yarda!" Na ce Allah ya sa.

Litinin ta zo, aji wayam. Wata Litinin ɗin ma haka.

A nan sai na yi wa baƙo bayanin wani abu namu. A wurinmu in mutum ya kira gayya, wato ya roƙi jama'a su zo su taya shi noma ko yankan shinkafa, ba a ƙi. Za a zo. Amma in an iso bakin gona, abu na farko da ake dubawa shi ne ko mutanen gidansa suna ciki. In an ga 'ya'yansa sun riga sun sunkuya, sai kowa ya tuɓe riga ya shiga. In kuwa an ga ya tara 'ya'yan mutane nasa suna gida a inuwa, to za a gaishe shi da kyau, a sha kununsa, a ce masa to, Allah ya ba da sa'a. Daga nan wannan ya tuna akuyarsa ta ɓace, wancan ya tuna surukarsa ba lafiya. Kuma ba mai gaya masa dalili, kunya ba ta bari. Haka muka taso muka tarar.

To abin da ake faɗa ke nan a bakin banda, murya ƙasa-ƙasa. Malama na son namu su koma bakin daji, tata tana Minna tana shan fanka. In ta doso sai a yi shiru a ce sannu Malama, ya ƙoƙari.

Ita kuwa ba ta fasa ba. Ta shiga bin gida-gida da yamma, kowa ya shimfiɗa mata tabarma ya ce to. Ta rame, muryar nan ta dushe. Ranar da ta zo kaina ina tsakiyar aiki, hayaƙi ya cika mini ido, ga Yasira a gefe. Ta ce, "Yaya Kande, ke ko ba kowa ai ke kya ba ni Yasira. In aka ga ta fito wasu za su biyo. Yarinyar nan ita ce kan ajin, kada ki bari ta lalace a nan."

Kalmar lalacewar nan ce ta taɓa ni. Ni da ma ba a san ni da haƙuri ba. Na ajiye wayar kifi na ce, "Malama, ina Talatu?"

Duk matan da ke wurin suka sunkuyar da kai. Na ce, "Tambaya na yi. Tawa ce ta gwaji? Ke kin san zafin haihuwa, mu a bakin ruwa muka tsinci namu?"

Na zaci za ta yi faɗa, don ta iya. Sai ta zauna a kan turmin da ke kife, ta kwance ɗankwali ta share fuska, alli ya faɗi ƙasa ba ta ɗauka ba. Ta ce, "Na sani, Yaya. Tun ranar taro na sani. Ni fa ɗiyar manomi ce, na ga an shanye wa mutum kunu an bar shi da gonarsa. Ina jin 'to' ɗin nan na gane irinsa, na dai yi wa kaina ƙarya." Sannan ta ce, "Ita kaɗai gare ni. Tsoro nake ji."

Ban taɓa jin ta faɗi abu a gajarce haka ba. Tausayinta ya kama ni, amma ban janye maganata ba, don gaskiya ce. Na ce, "Ni ma tsoron nake ji." Ta tashi ta tafi, ranar ba da sauri ba.

Kwanakin da suka biyo baya zana ta sha magana. Joshua da ba ya magana, ashe yana da murya. Ina shara da safe ina jin sa yana cewa a kwashe malaman mana, a mai da ita Yelwa ko ko'ina, shi zai bi ta da kayan aikinsa, injin da zai gyara bai ƙare a duniya ba. Ita tana cewa yaran fa? Ya ce yaran suna da iyayensu. Ta ce ita ma da Baba Yohanna ya ce haka da yanzu tana ƙauye tana surfe. Ya ce in wani abu ya sami Talatu ba zai yafe mata ba. Ta ce ita ma ba za ta yafe wa kanta ba. Daga nan sai shiru, kwana da kwanaki ba na jin komai sai ƙarar kwano.

Ni ma gidana ba daɗi. Zango ya kusa ƙarewa, an ce har wasu malamai sun fara ɗaure kaya. Yasira ta tattara littattafanta ta sa a buhu ta cusa ƙarƙashin gado, ba wanda ya sa ta. Na tambayi ubanta me ya gani, ya ce abin da sauran suka yi shi za mu yi. Kowa a garin abin da yake faɗa ke nan, kowa na jiran kowa.

Ran wata Juma'a na ga ƙofarsu a rufe. Asabar ma haka. Aka ce ai an ga Malama da mijinta sun hau mota a Wara. Matan bakin ruwa suka ce shi ke nan, ta gudu, ta bi ɗiyarta. Na ji haushi ƙwarai, har na ce da na sani da ban taya ta dama kunu ba. Lahadi da la'asar na ji motsi a gidan, amma ban leƙa ba, fushi nake yi.

Litinin da safe muna bakin ruwa, masunta sun dawo, ana ta ciniki ana raba kifi. Sai hayaniya ta fara mutuwa daga can sama, tana gangarowa. Na ɗaga kai. Malama Garke ce tafe, ga Talatu a gefenta cikin kayan makaranta, an goge su har suna ƙyalli. Joshua na bayansu riƙe da jakar yarinyar, fuskar nan a murtuke.

Daga gidansu zuwa makaranta akwai hanya miƙaƙƙiya ta bayan kasuwa. Ba ta bi ta nan ba. Ta gangaro bakin ruwa, ta bi gaban kowace banda, tun daga ta farko har ta ƙarshe, a hankali, matar da ba a san ta da tafiyar hankali ba. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta ambaci makaranta ba. Ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, shi ke nan. Da ta zo gabana ta ce, "Ina kwana, Yaya Kande." Na ce lafiya lau.

Suna wucewa na juya. Yasira na tsaye da kifi a hannu, idonta a kaina. Wallahi raina bai so ba. Na ce, "Me kike kallo? Jeki wanke hannu ki ciro buhun nan." Ta zubar da kifin a ƙasa ta ruga. Ban ko yi mata faɗa ba.

Kafin ta fito na ji Dudu maƙwabciyar bandata tana ƙwala wa tata kira. Can gaba wata ma ta ɗauka. Ba duka aka fito ranar ba, kada in yi ƙarya, wasu sai da suka ƙara mako suna leƙe. Amma da muka kama hanya na waiga na ga 'yan mata a bayanmu, wasu hijabi a karkace, wata takalmi a hannu, da uwayensu suna biye. Na ɗauki tiren kifina a kai don kada a ce rakiya na yi.

Muka isa. Manyan ajujuwa suna ta wajen gari, nan Yasira ta shige ba ko waiwaye. Ajin su Talatu shi ne na can ƙarshe, tagoginsa na kallon daji. 'Yan sa-kai biyu na zaune nesa kaɗan a gindin kirya. Joshua ya miƙa wa yarinyar jaka ya juya da sauri, bai so a ga idonsa. Aka buga ƙarfe. Malam Mustapha yana ta kai da kawo yana murna, yana cewa Malama a zo a fara, manya na jira.

Malama ba ta motsa ba. Tana tsaye a ƙofar ajin ƙananan, ta riƙe wuyan hannun Talatu gam. Yarinyar ta ce, "Mama, kina ji mini ciwo." Ba ta ji ba, dajin take kallo.

Na sauke tire na je na kama hannunta. Sanyi ƙalau. Na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, sun bar shaida a fatar yarinyar. Na ce, "Sake ta, Malama. Tafi wurin tawa, ni ina nan wurin taki."

Ta dube ni, hawaye ya zubo. Ta share da bakin ɗankwali, ta gyara ɗauri, ta nufi ajin manya. Tun kafin ta kai ƙofa saurin nan nata ya dawo.

Na jawo dutse na zauna a ƙarƙashin tagar, bayana a jikin bango, fuskata a daji. Ranar ko kifi ɗaya ban sayar ba, kuma ban tashi ba sai da aka tashi yara. Washegari Dudu ta karɓe ni, jibi wata. Haka muka yi ta yi har zango ya ƙare, kuma ba a kwashe malaman ba.

Yasira ta rubuta jarrabawarta ta ci, Turancin ma ta ci shi da kyau. Yanzu tana makarantar koyon aikin jinya, in ta zo hutu sai ta hana ni zama kusa da hayaƙi, kamar ita ta haife ni. Malama Garke na nan tana koyarwa, furfura ta fara fito mata, miyarta na nan tana ƙonewa. Talatu ta yi tsawo ta wuce uwarta. Da can Maman Yasira take ce mini, kamar sauran yaran unguwa. Tun daga ranar nan ta koma ce mini Inna, kuma ba wanda ya ce ta yi.